Darasin hadari da tsawa a manhajar koyon Sifaniyanci

Manhajar irin ta waya ce da ake biyan kuɗinta wata-wata, kuma sashenta na yanayi kaɗai zan yi magana a kai, don shi ya fi shafar aikina a gonakin lemo da ke kewayen Balensiya a ƙasar Sifaniya. A nan idan mai gona ya turo saƙo da asuba cewa "hay tormenta", wato akwai hadari, to ranar babu tsinkar lemo, babu kuma kuɗin yini. Dole mutum ya iya jin hasashen yanayi da kunnensa.

Farkon darasin ba shi da wani armashi: hace calor, hace frío, está nublado, abubuwan da ko a bakin titi za ka tsinta. Inda ya fara daɗi shi ne wajen hadari. Sai a kunna maka rugugin tsawa ka zaɓi trueno, a nuna maka sama ta haska ka zaɓi relámpago, a nuna bishiyar da ta tsage ka zaɓi rayo. Da Turanci ake bayanin, shi kuwa kalma ɗaya yake ba waɗannan biyun na ƙarshe, har sai da suka yi dogon sharhi kafin su raba su. Bahaushe ba ya bukatar wannan wahala, walƙiya daban, aradu daban. Da Hausa na rubuta su a ɗan littafina, suka zauna nan take. Sun kuma yi ƙoƙari wajen nanata yadda llover ke komawa llueve, tronar ya koma truena, har baki ya saba.

Abin da ya biya kuɗina shi ne gajerun rahotannin da aka shirya irin na talabijin. Masu karanta hasashe a Sifaniya gudu suke yi da magana, ba sa jiran kowa. A manhajar kana iya rage saurin muryar, ka maimaita jimla kamar "chubascos localmente fuertes" ko "rachas de viento" har ka daina jin ta a dunƙule. Bayan 'yan makonni na fara kama abin da ake faɗa a rediyon motar da ke kai mu gona, ba sai na tambayi na kusa da ni ba.

Sai dai akwai giɓi babba, kuma a ganina ba ƙaramin sakaci ba ne. Babu ko kalma ɗaya a kan gargaɗin hukumar yanayi ta ƙasar, AEMET, mai launi uku: amarillo (rawaya), naranja (ruwan lemo), rojo (ja). Babu DANA, wadda tsofaffi har yanzu ke kira gota fría, wato sanyin iskar da ke killacewa can sama, ya haɗu da ɗumin tekun Bahar Rum ya zubo da ruwan watanni cikin sa'o'i. Ita ce ta jawo ambaliyar 29 ga Oktoban 2024 da ta kashe mutum sama da 200 a lardin Balensiya, garin Paiporta na cikin waɗanda suka fi shan wuya. Wanda ke zaune a nan ya fi bukatar sanin barranco, kwarin da ke bushe yawancin shekara amma ya cika ya tumbatsa cikin minti kaɗan, da riada, wato ambaliyar ruwa, da lambar gaggawa 112, fiye da sunan bakan gizo da suka ɓata darasi guda a kansa. Granizo kawai suka koyar, alhali manoma pedrisco suke cewa idan ƙanƙara ta ɓata bawon lemo. Calima ma babu, ƙurar Sahara da ke rufe sama kamar hazon hunturu a gida.

Muryoyin kuma yawanci na Latin Amurka ne, don haka yadda suke furta granizo ya sha bamban da yadda ake saka harshe tsakanin haƙora a nan.

Ga mai shirin jarrabawa ko mai koyo don sha'awa, sashen ya isa. Ni dai da na gama shi na dakatar da biyan kuɗin, na sauke manhajar AEMET wadda kyauta ce, ina karanta hasashen gobe kowane dare da ɗan littafina a gefe.