Allurar wata-wata ta masu taɓin hankali a asibitocin Akra: amfaninta da inda ake samun tangarɗa

A yawancin gidajen Zango da ke da mai lalurar taɓin hankali, rigimar ba ta wuce ta shan magani. Yau ya sha, gobe ya ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe ya je ya tofar, jibi ya ce shi lafiyarsa ƙalau, mutanen gidan ne ke buƙatar likita. Don wannan matsalar aka yi allurar wata-wata. A Akra ana yin ta a babban asibitin masu taɓin hankali da ke Adabraka, wanda yake aiki tun 1906, da na Pantang da aka buɗe a 1975 can gaba da Adenta, da kuma ƙananan sassan lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin unguwanni, inda nas-nas ɗin da aka horar kan wannan fanni suke riƙe da aikin. Mutumin Nima ko Mamobi, Adabraka ta fi masa kusa. Na Madina kuwa Pantang ce a hanyarsa.

A ganinmu hidima ce mai kyau, kuma ga wanda ciwo ya sha dawo masa saboda barin magani, da wuya a samu abin da ya fi ta. Sai dai allurar kanta ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da ake yi kafin ta da bayanta shi ne ke bambanta wurin da ya iya da wanda bai iya ba.

Wadda aka fi yi ita ce fulufenazin, da kowa ya fi sani da Modecate, sai halofaridol mai dogon zango, wato Haldol. Dukkansu an narkar da maganin ne a cikin man riɗi. Idan aka zuba shi can cikin tsoka sai ya zauna, jiki ya riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan har tsawon makonni. 'Yar kwalbar Modecate mai mililita ɗaya tana ɗauke da miligiram 25, kuma ana maimaita ta tsakanin mako biyu zuwa biyar gwargwadon yadda likita ya tsara, duk da cewa wata-wata aka fi sabawa. Haldol kowane mako huɗu ne. Akwai sababbi irin su faliferidon da ba su cika sandarar da jiki ba, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Amfanin allurar a fili yake, haka ma haɗarinta: ƙwaya idan ta bai wa mutum matsala sai a daina gobe, allura kuwa in ta shiga ta shiga, babu mai iya zaro ta.

Saboda haka wurin da ya san aikinsa ba ya fara wa mutum da ita ranar da aka kawo shi. Sai an tabbatar da ciwon tukuna. Sikizofireniya, wato ciwon taɓin hankalin da aka fi yin wannan allura dominsa, ba a gane ta da gwajin jini ko hoton kai. Da tambayoyi da lura ake gane ta: jin muryoyin da babu mai su, zargin cewa ana bin sa ko an sa masa guba, maganar da ba ta haɗuwa, janye jiki daga mutane, kuma alamun su kai aƙalla wata guda. Gwajin jinin da ake sa ku yi, don a kore wasu abubuwa ne masu kama da ita, kamar zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, taifot, sanƙarau, faɗuwar sukari, ko ciwon maƙoƙo. Wanda ya rikice cikin kwana biyu, ga zazzaɓi, bai san inda yake ba, bai san rana ba, wannan ɗakin gaggawa yake buƙata, ba allurar wata ba. Za kuma a tambaye ku batun wiwi da tiramol da giya. A nan iyali kan ɓata wa kansu aiki, a rufe don kunya. Ruɗewar da ƙwayar maye ta kawo sau da yawa tana lafawa idan an daina, kuma ɓoye ta kan sa a ɗora wa yaro allurar shekaru alhali ba ita ce maganinsa ba.

Bayan an tabbatar, sai gwaji. Ƙa'idar Modecate ita ce a fara da rabin kwalba, miligiram 12.5, tsoho kuma rabin wannan, a jira kwana huɗu zuwa bakwai a ga yadda jiki ya karɓa kafin a ba da cikakkiya. Haldol kuwa sai mutum ya sha ƙwayarta an ga ta zauna masa, sannan a lissafa allurar daga abin da yake sha a rana. Idan aka tsallake wannan matakin saboda layi ya yi tsawo ko don an ga kun zo daga nesa, ku yi magana, haƙƙinku ne. Wani abin da ba a cika bayyana wa iyali ba shi ne allurar farko ba ta isa ta riƙe mutum ita kaɗai. Maganin kan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya daidaita a jiki, don haka likita yakan bar shi kan ƙwayoyi na ɗan lokaci, yana ragewa a hankali.

Yin allurar kansa mintuna kaɗan ne, amma yana da kyau mai raka mara lafiya ya san yadda ta kirki take. Nas za ta duba ranar ƙarewar maganin, ta zuƙe shi da busasshen sirinji, domin danshi yana sa man ya yi gizo-gizo. Man yana da kauri, sai da allura mai ɗan faɗi da tsawo. Mara lafiya zai kwanta ya saki jiki. A tsokar mazauni ake yi, ɓangaren sama ta waje, nesa da babbar jijiyar da ke sauka ƙafa. Sai ta ja fatar gefe da hannu ɗaya, ta soka, ta tura man sannu a hankali, ta ɗan dakata, ta zare sannan ta saki fatar, don hanyar ta rufe man kada ya biyo baya. Ba a murza wurin. Wannan watan dama, wata mai zuwa hagu, kuma a rubuta a kati. Idan aka yi ta sama-sama a cikin kitse, ko aka dinga yi a gefe ɗaya, sai wurin ya yi gudaji mai tauri, maganin kuma ya daina shiga jini yadda ya kamata. Mai jiki sosai yana buƙatar allura mafi tsawo. Macen da take son mace ta yi mata, ta faɗa tun a wurin karɓar kati, ba sai ta shiga ɗaki ba.

Inda hidimar ta fi rauni shi ne bayan allura, kuma nan ne aka fi asarar marasa lafiya. Cikin sa'o'i ko kwanakin farko, musamman ga samari, wuya kan iya murɗewa gefe guda, idanu su kafe sama, muƙamuƙi ya ƙulle, harshe ya zazzago. Mutumin yana cikin hayyacinsa, yana jin duk abin da ake faɗa, ga tsoro ga ciwo. Wanda bai taɓa gani ba zai rantse iska ce ta tashi, sai a nufi wajen malam, a kuma ce ai ga shi nan maganin asibiti bai dace da shi ba. Illar maganin ce sananniya, kuma akwai allurar da ke warware ta cikin kamar rabin sa'a. Idan ta taɓa numfashi, ba a jiran gari ya waye. Da ana ɗaukar minti uku a bayyana wa iyali wannan tun ranar farko, da gidaje da yawa ba su gudu ba.

Illa ta biyu ta fi wuyar ganewa. Mutum ya kasa zama wuri ɗaya, yana kai-kawo a tsakar gida, a sahun salla ma ƙafafunsa ba sa tsayawa, ya ce wani abu na cin sa a ciki. Iyali su ce ciwon ne ya dawo, ma'aikacin da bai lura ba ya ƙara yawan allurar, abin ya ƙara tsanani. Gyaransa rage maganin ne, ko tazarar da shi, wani lokaci da ƙarin wani magani mai suna furofaranolol. Kada a raina shi, domin azabarsa kan kai mutum ga tunanin kashe kansa. A kan wannan, a sani cewa tun 2023 Gana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka, don haka babu dalilin ɓoye shi ga likita don tsoron 'yan sanda.

Sai sandarewar jiki da rawar hannu da dalalar miyau da tafiya kamar an ɗaure mutum. Nan ne ake ba da ƙwayar Artane mai sassauta wannan illar, yawanci miligiram 2 zuwa 5. Yana aiki, amma ba mu goyon bayan al'adar haɗa shi da kowace allura har abada ba tare da an duba ko ana buƙatarsa ba. Yana busar da baki, yana sa taurin ciki da dishi-dishin gani, yana iya riƙe wa dattijo fitsari, kuma matasa na shan sa don maye, don haka kada a bar shi inda hannu zai kai. Bayan shekaru kuma wasu, musamman tsofaffi da mata, kan fara motsa baki kamar suna tauna, harshe na leƙowa. Wannan motsin, Artane ƙara shi yake yi, kuma idan aka yi sakaci yakan zauna. Nas ta kirki takan ce, "Baba, ɗan tashi ka taka mu gani, buɗe baki, miƙo hannuwa," kafin ta ɗauko sirinji. Wurin da ake yin wannan, ku riƙe shi.

Akwai illa guda ɗaya da ba ta cika faruwa ba amma tana kisa: zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki gaba ɗaya, gumi, da ruɗewa. A garin da kowane zazzaɓi ake cewa na sauro ne, ana iya ɓata kwana biyu ana shan maganin kemis. A kai shi gaggawa, a kuma faɗi sunan allurar da ranar da aka yi ta.

Abin da ba a faɗa a ɗakin likita shi ne na aure. Waɗannan magunguna kan tsayar wa mace da al'ada, su sa nono ya kawo ruwa, su rage wa namiji ƙarfi. Magidanta da yawa saboda wannan suke daina zuwa, ba su gaya wa kowa dalili ba. Harshe ma yana da hannu a ciki. Galibi da Turanci da yarukan Tuwi da Ga ake yin aikin, ba kullum ake dacewa da mai jin Hausa ba, kuma idan ɗa ne ke yi wa uwarsa tafinta, ko uba yana zaune, akwai maganar da ba za ta fito ba. A nemi a keɓe da ma'aikaci na ɗan lokaci, ko a zo da tafintan da ba a jin nauyinsa. Mai ciki ko mai niyyar ɗauka, da mai farfaɗiya, da tsohon da ya fara mantuwa, dole likita ya san halin da suke ciki kafin a fara.

Batun kuɗi, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, mai lamba 846, ta tanadi kulawa kyauta a asibitocin gwamnati, amma kowa ya san maganin kan yanke, a rubuta wa mutum ya je ya sayo. Daga Nuwamban 2024 inshorar lafiya ta ƙasa ta shigar da sikizofireniya da wasu cututtuka uku na ƙwaƙwalwa cikin abin da take ɗauka, don haka a tabbata katin yana raye, ana sabunta shi ta waya da *929#. Idan sayowa za ku yi, ku saya kwana biyu kafin ranar, a kantin magani mai rajista, ku ajiye shi a cikin kwalinsa nesa da rana, ba a firij ba. Dokar ta kuma ce da yardar mara lafiya ake yi masa magani, tilas tana da nata sharuɗɗa da matakai. Wanda aka danne aka yi wa sau ɗaya, da wuya ya sake zuwa da ƙafarsa.

Ruƙiyya da addu'a ba su hana allura, allura ba ta hana su. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ɗaure mutum da mari ko hana shi abinci da sunan magani. Azumi ma ba dalilin tsallake wata ba ne, domin fatawar mafi yawan malamai ita ce allurar tsoka da ba ta abinci ba ba ta karya shi. A dai sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur.

Tarkon da ya fi kama gidaje shi ne na samun sauƙi. Idan aka tsallake wata ɗaya babu abin da zai faru nan take, saboda akwai sauran magani a jiki. Sai a ce ya warke. Bayan wata biyu ko uku barci ya fara gudu, zargi ya dawo, kuma babu wanda zai danganta shi da allurar da aka bari tun kafin babbar salla. Wanda ciwon ya same shi karo na farko yakan ci gaba da magani aƙalla shekara guda bayan ya dawo daidai, wanda ya sha dawo masa kuwa shekaru ne, kuma likita ne ke ragewa a hankali. Wasu sassan sukan kira waya ko su biyo gida idan ba su ga mutum ba, wasu ba su da abin hawa ko ma'aikatan yin haka, don haka a ɗora wa mutum ɗaya a gida alhakin ranar. Mai tafiya Kumasi ko Tamale ko ƙetaren iyaka, ko aikin Hajji, ya karɓi takarda daga sashen da ke ɗauke da sunan maganin, yawan miligiram, tazarar makonni, ranar allurar ƙarshe da gefen da aka yi ta.