Salmon ɗin kiwo ko na Alaska, wanne za ki saya?

Hajiya, tsakanin kifin salmon na kiwo da wanda ake kamowa a teku, ki sayi na Alaska, wanda ake kira sockeye, ko da daskararre ne.

Shi nake ajiyewa a firiza. Lokacin da surukata ta zo mana nan Birtaniya na yi mata farfesunsa da attaruhu da citta da 'yar daddawa. Ita da in ba tarwada ba ba ta kallon kifi, sai ga ta tana miƙo kwano a ƙara mata. Tsokarsa ja ce jawur, a dunƙule take, ba ta dagargajewa a tukunya, kuma maiƙo ba ya taruwa a saman romo. Ki dai sa shi daga ƙarshe, don in ya daɗe a wuta bushewa yake yi. Na kiwo da ake kawowa daga Norway da Sikotland ya fi araha, ya fi kitse, ana samunsa ko yaushe. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Abin da ya raba ni da shi ƙwarƙwatar teku ce. A cikin manyan kejin raga ake kiwonsa a gaɓar teku, kifi dubbai a cunkushe, ruwa na shiga yana fita. Ƙwarƙwatar tana maƙalewa a jikin kifi tana cin majinar fatarsa da fatar da jininsa, 'ya'yanta kuma ruwa ya kwashe su ya watsa. To ta gefen kejin nan 'ya'yan salmon na daji suke bi idan sun baro kogi za su shiga teku a farkon bazara. Ƙanana ne, fatarsu ba ta yi ƙwari ba, 'yan ƙwarƙwata kaɗan sun isa su kashe su. Wannan shi ke ci min rai, wallahi: kifin da ba a kiwata ba shi ke mutuwa saboda wanda aka kiwata.

Masu gonakin ba zaune suke ba. Sun yi ta sa magani a abinci har ƙwarƙwatar ta saba da shi, suka koma wanke kifin da ruwan ɗumi da zuba wasu ƙananan kifaye masu tsince ta. Duk da haka a 2017 Norway ta raba gaɓarta shiyya 13, duk shiyyar da aka ƙiyasta ƙwarƙwata na kashe sama da kashi 30 cikin 100 na 'ya'yan salmon na daji sai a rage mata yawan kiwo. A 2024 ƙasar ta rufe koguna 33 ga masunta saboda salmon ɗin da ya dawo kogunan daga teku ya yi kaɗan. Ɗumamar ruwa da madatsu ma suna da nasu laifin, amma ƙwarƙwata na sahun gaba. Kanada ta ce daga 2029 ba sauran buɗaɗɗen keji a lardinta na British Columbia. Alaska kuwa tun 1990 ta haramta irin wannan kiwo.

Kar ki tsorata da wanda kuka riga kuka ci, ƙwarƙwatar ba ta cutar da mutum. Na tekun ma ki dafa shi ya nuna sosai.

Sai ki kula da 'yan damfara. Wasu masu sayarwa, musamman a kasuwar tebur da gidajen abinci, za su miƙo miki na kiwo a kuɗin na teku. A 2015 Oceana, wata ƙungiyar kare teku, ta fitar da rahoto cewa a cikin salmon ɗin da ta gwada a Amurka kashi 43 cikin 100 an canza masa suna. Launi ba hujja ba ne, don ana sa wa na kiwo sinadarin da ke ja da tsokarsa a cikin abinci. Na kiwo yana da fararen layukan kitse masu faɗi. Ki karanta leda, doka ta tilasta a rubuta ko kiwonsa aka yi ko kamo shi aka yi, ki nemi shuɗin tambarin MSC, ƙungiyar da ke tantance kifin da aka kamo a teku. Duk wanda ya ce miki salmon ɗin Atlantika ne na daji a farashi mai sauƙi, ki wuce abinki.

In kuɗin sockeye ya yi miki yawa, ki ɗauki na gwangwani na Alaska, yana yin miyar taliya mai daɗi.