Buga kundin a takarda ko ɗora shi a intanet: wanne ya fi sauƙi ga muhalli?

Malama, na ga tambayarki tun jiya, na bari sai na samu natsuwa kafin in amsa. Kin ce wani kamfani ya ba ki aikin zana masa kundin kayan da yake sayarwa, mai shafi 40 cike da hotuna, kuma ya bar miki zaɓi: ko a kai maɗaba'a, ko a gina masa shafin intanet. Kin kuma ce zuciyarki ta karkata ga intanet, tunda can ba a sare bishiya. A wannan aikin naki na goyi bayanki, amma dalilina ya bambanta da naki.

Abin da ya raba su shi ne lokacin da kowanne yake biyan bashinsa. Takarda tana biya gaba ɗaya tun ranar farko: itacen da aka sare, ruwan da masana'anta ta sha, wutar da ta busar da ita, tawada, da motar da ta yi dakonta. Daga nan shi ke nan. Ko mutum 20 ne suka yi ta karɓa-karɓa da kwafi ɗaya har shekara 5, ba zai ƙara cin komai ba. Shafin intanet kuwa kaɗan-kaɗan yake biya, kuma ba ya gamawa. Duk wanda ya buɗe shi, sabar, wato kwamfutar da shafin yake ajiye a kanta, za ta yi aiki, bayanai su bi ta wayoyi da turakun sadarwa, wayar mai karatu ta ja batir. Ido ba ya ganin wannan, shi ya sa muke ɗauka babu shi. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 cibiyoyin adana bayanai sun ci kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar lantarkin duniya baki ɗaya. Buɗe shafi sau ɗaya ba wani abu ba ne, amma da yayyafi kogi kan cika.

Inda intanet ya yi wa takarda fintinkau shi ne wajen gyara. Kundin kaya ba ya daɗewa bai tsufa ba: wani kaya ya ƙare, wani ya shigo, a canza lambar waya. A intanet layi ɗaya za ki gyara. A takarda kuwa duk kwafin da suka rage sun zama na bola, wani lokaci ko ɗaurinsu ba a kwance ba. Wannan ita ce babbar ɓarnar ɗab'i, kuma mu masu zane muna da hannu a ciki, domin idan maɗaba'a ta ce buga da yawa ya fi arha a kan kowane kwafi, sai mu yi shiru a ninka abin da ake buƙata. Da a ce littafin koyarwa ne, ko taswirar da za a liƙa a bango ta yi shekaru, da amsata ta juya zuwa takarda.

In har za a buga, akwai abin da ke hannunki. Ki zana a kan girman da maɗaba'a ta saba yanka, kamar A4 mai milimita 210 da 297, ko rabinsa A5, saboda baƙon girma yana barin tarin gefen takarda a ƙarƙashin injin yanka. Ki nemi takardar da aka sake sarrafawa, ko mai ɗauke da tambarin FSC, ƙungiyar da aka kafa a 1993 don tantance dazuzzukan da ake sarewa bisa ƙa'ida. Tawadar man waken soya, wadda jaridun Amurka suka fara amfani da ita a 1987, ba ta fitar da tururin sinadarai kamar ta man fetur. Abin da na fi roƙonki shi ne ki guji lulluɓe bangon da leda mai sheƙi. Zaren takarda yana iya komawa masana'anta sau 5 zuwa 7 kafin ya gajarce ya daina kamawa, amma da zarar an manna masa leda, raba su ya zama aiki, kuma sau da yawa a nan tafiyarsa take tsayawa.

A ɓangaren intanet, kusan duk maganar ta tattara a kan nauyi. Alƙaluman HTTP Archive, masu auna miliyoyin shafuka, sun nuna matsakaicin shafi ya haura megabait 2, kuma hotuna ne suka fi ɗaukar kaso. Kundi irin naki kusan duk hoto ne, don haka a nan aikinki yake. Na taɓa karɓar gyaran wani shafi da aka zuba wa hotuna yadda suka fito daga kyamara, masu faɗin fiksel (ƙananan ɗigon da suke haɗa hoto) 4000, alhali gurbin da za su zauna bai wuce 400 ba. Mai karatu yana sauke duka, burauza, wato manhajar buɗe shafin intanet, ta matse, ya ga ɗan ƙarami. Rage girman kawai na yi, ban taɓa zanen ba, shafin ya koma buɗewa nan take. Bayan girma sai nau'in fayil. JPEG tun 1992 yake mana hidima, amma WebP da Google ya fitar a 2010 yana ba da hoto mai inganci iri ɗaya da ragin kashi 25 zuwa 34 cikin 100, a awon kamfanin. AVIF, wanda ya zo a 2019, yakan matse fiye da haka. Tambari da ƙananan alamomi kuwa SVG ne gidansu, tunda lissafin layi ne, ba ya fashewa komai girman da aka ja shi. Sannan ki sa hotunan ƙasa su jira sai mai karatu ya gangaro wajensu kafin su sauka. Kalma ɗaya ce a cikin HTML, harshen da ake rubuta shafin intanet da shi, kuma duk manyan burauzoji sun san ta.

Bidiyon da yake kunna kansa a saman shafi, wannan ki cire shi kawai. Daƙiƙoƙi kaɗan nasa sukan fi sauran shafin duka nauyi. Salon haruffa ma biyu sun wadatar, ko ki bar wanda ya zo da wayar mutum, wanda ba sai an sauke komai ba. Idan za ki rage haruffan da ba ki buƙata daga fayil ɗin don ya yi sauƙi, ki duba da kyau kada ɓ da ɗ da ƙ su tafi tare da su, don na sha ganin an yi haka, rubutu ya fito da gurbi a tsakiyar kalma.

Launi kuwa a wuraren biyu kishiyar juna yake. A takarda fari ne kyauta, kuma shimfiɗa baƙi wuluk a shafi guda yakan ci tawada kala huɗu, wata kan wata. Shi ya sa barin fili ya fi duk wata dabara, har da Ecofont, haruffan nan masu ƙananan huji da wani kamfanin Holan ya fitar a 2008 don rage shan tawada. A fuskar waya irin ta OLED, wadda kowane fiksel ke ba da haskensa da kansa, baƙi ne kyauta, domin fiksel ɗin kashe kansa yake yi. Sai dai kada a zuzuta: masu bincike a Jami'ar Purdue sun auna a 2021, suka ga duhun fuska yana rage cin batir da kashi 3 zuwa 9 ne kawai a matsakaicin haske, sai an ƙure hasken ragin yake kaiwa kashi 39 zuwa 47. A fuskar LCD kuma, wadda ake haskawa daga baya, fitilar a kunne take ko wane launi aka nuna. Ki ba mai karatu zaɓin duhu, amma kada ki ɗauka da shi kin gama.

Akwai wani abu da ya fi damuna fiye da wutar ma. Yawancin hayaƙin da waya take jawowa a rayuwarta wajen ƙera ta ne, cajin da ake mata kaɗan ne a lissafin. Shafi mai nauyi, cike da JavaScript, wato umarnin da wayar mai karatu za ta aiwatar, yana sa tsohuwar waya ta riƙa sandarewa, mai ita ya ɗauka ta mutu, ya jefar ya sayi sabuwa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 an zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Takarda ba ta taɓa tilasta wa kowa sayen sabuwar na'ura ba. Shafin da muka gina da sakaci yana yi.

Tarko ɗaya nake so ki kauce wa: a zana kundin kamar na maɗaba'a, a fitar da shi PDF mai nauyi, a ɗora a intanet a ce an kare muhalli. Mai neman kaya ɗaya sai ya sauke shafi 40, ya yi ta ja da yatsa yana neman rubutun. Tun ran gini ran zane. In na intanet ne, a tsara shi na intanet tun daga farko. Mujallar Low-tech Magazine ta nuna iyakar abin da zai yiwu, inda tun 2018 take tafiyar da shafinta daga wata 'yar sabar mai aiki da hasken rana a Basalona, har yakan ɗauke idan hadari ya daɗe. Kamfanin da ya ba ki aiki ba zai yarda da haka ba, amma zai iya zaɓar mai masaukin shafi, wato kamfanin da zai ajiye shafin a sabarsa, da ke amfani da wuta mai tsafta, kuma ƙungiyar Green Web Foundation tana da shafin da ake duba hakan.

Ga abin da zan yi da ni ce ke: shafi marar nauyi ga kundin, sai 'yar takarda A5 guda, ba leda, mai lambar QR, a buga daidai waɗanda za a raba hannu da hannu. Kafin ki miƙa aikin, ki gwada shi a kan waya mafi tsufa da za ki iya samu, ki kuma auna hayaƙin da yake jawowa da shafin Website Carbon Calculator. Ƙiyasi yake bayarwa, amma ya isa ki kwatanta kafin gyara da bayan gyara. In kin samu sakamakon biyu, ki turo mana mu duba tare.