'Yan sintirin da muke biya a unguwa, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kuwa?

Masu tambayar ko ɗaukar 'yan sintiri yana da amfani, ga yadda namu suke, mu nan bayan Ƙofar Gayan a Zariya. Tun harin da aka kai Nuhu Bamalli Poly a watan Yunin 2021 aka tafi da ɗalibai da malamai, duk wanda ke zaune gefen garin nan barcinsa rabi da rabi ne, shi yasa mai unguwa ya tara mu aka yanke kowane gida ya riƙa bada dubu biyu a wata, masu shago su ƙara wani abu.

Aikin nasu: bayan isha'i suke fitowa, ƙarfe sha ɗaya a ja shinge a bakin layi, duk mai mashin ɗin da ba a sani ba sai ya faɗi gidan da zai je. Kayan aikinsu tocila, usur, gora, kwari da baka, sai bindigogin adaka guda biyu a hannun manyansu, tsofaffin maharba ne. Satar mashin da ƙwacen waya kam sun ragu sosai, wannan ko maƙiyinsu bazai musa ba. Kuma abin da ya fi kwanta min a rai, an san su, an san gidan ubansu, sunayensu na wajen mai unguwa da ofishin 'yan sanda, in ɗaya ya yi ba daidai ba an san ƙofar da za a buga.

Toh amma akwai matsala. Harbin iska. Ƙarfe biyun dare sai kaji daram, yara su farka da kuka, tsofaffi masu hawan jini sai salati, da safe ka tambaya a ce wai gargaɗi ne ga ɓarayi. Haba malam, abin da ka harba sama ai sai ya sauko, kuma kwanon wani zai sauka ko kan wani. Sannan maganar gaskiya adaka ba sa'ar AK47 bace, kafin ka ɗura albarushi ka danna ka sake saiti mai AK ya zazzage harsashi talatin, su kansu sun sani, shi yasa in abin na manya ne aikinsu su busa usur su kira jami'ai. Rasit ma basa bayarwa, wannan kuma laifin kwamitinmu ne.

A nan ne wani Alhaji a layinmu kullum yake tada magana a majalisa, wai me zai hana kowa ya sayi tasa ya ajiye ƙarƙashin gado a daina tara ma wasu kuɗi. Kuma ba shi kaɗai bane, Masari yana gwamnan Katsina ya taɓa cewa mutane su nemi makami su kare kansu, Matawalle ma a Yunin 2022 gwamnatinsa ta ce 'yan Zamfara su nemi lasin bindiga, har shugaban hafsoshin tsaro na lokacin Janar Irabor ya fito ya ce gwamna bashi da wannan hurumin. Dokar bindiga ta 1959 da har yanzu ake aiki da ita ta raba abin uku ne, irin su AK sai da izinin shugaban ƙasa, ta farauta irin mai baki biyu sai Sufeto Janar, ta gargajiya da ake ɗurawa ta baki kuma kwamishinan 'yan sandan jiha. Wato ko an ce maka jeka nema, wadda doka zata baka ba ita ce a hannun ɗan bindigar daji ba.

Ni wallahi ina tausayin mutumin ƙauye da ake shigo masa gida ba mai kawo ɗauki, in ya ce zai riƙe bindiga bakina bazai iya ce masa a'a ba. Amma cikin gari daban ne. Ku duba gidajenmu na Zazzau, gidan yawa, yara ashirin suna shiga ɗaki suna fita, ga rikicin gado, ga matasan da ƙwaya ta gama da su, ga 'yan jagaliya lokacin zaɓe, faɗan da yau ake rabawa da bakin dattijo gobe sai dai a raba shi a maƙabarta. Alhajin yana yawan cewa ai a Amurka kowa da tasa, eh haka ne tsarin mulkinsu ya basu dama tun 1791, amma a 2021 kaɗai mutum sama da 48,000 bindiga ta kashe a can kuma fiye da rabi su suka harbe kansu, ba ɗan fashi ya shigo musu ba. Da na faɗa masa haka sai ya ce ai su ba su da tawakkali, aka yi dariya aka tashi.

Don haka a wajena bindiga biyu a hannun mutum biyu da aka sani ta fi min ɗari a gidaje ɗari. Maki na ba 'yan sintirinmu uku da rabi cikin biyar. In unguwarku zata ɗauka, ku tabbatar an kai sunayensu wajen DPO, ku tambayi takardar bindigar ku gani da idonku, kar a saka yaro mai shaye shaye ko da ɗan waye, kuma a rubuta tun farko babu harbin iska sai da dalili. An ce wata mai zuwa za a ƙara kuɗin zuwa dubu uku saboda batir da man mashin, ni dai na gaya ma sakataren kwamiti zan biya ranar da ya kawo littafin rasit.