Durkheim da Marx a kan rabon aiki

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: ta yaya Durkheim, masanin zamantakewa, zai ce rarraba aiki na haɗa kan al'umma, Marx kuma, mai sukar jari-hujja, ya ce yana raba mutum da guminsa, alhali masana'antun Turai ɗaya suke kallo?

Adam Smith, masanin tattalin arziki, ya riga su duka. A littafinsa na 1776 ya ba da misalin masu ƙera fil: mutum goma, wannan ya ja waya, wancan ya yanka, wani ya fiƙe tsini, sai ga shi suna fitar da sama da 48,000 a rana. Smith yawan kaya ya fi dubawa. Su biyun nan kuwa halin mutanen goma ɗin ne ya dame su.

Emile Durkheim, Bafaranshe, ya fitar da nasa littafin a 1893. Ya ce haɗin kai iri biyu ne. A ƙaramar al'umma kamanni ke riƙe mutane: aiki ɗaya, aƙida ɗaya. Da jama'a ta yawaita, kowa ya kama sana'arsa, sai buƙatar juna ta zama igiyar. Hujjarsa doka ce, kuma nan ya fi burge ni. A iri na farko laifi cin mutuncin kowa ne, don haka hukunci na horo ne mai zafi. A na biyu dokokin ciniki da yarjejeniya ke yawaita, inda burin shi ne a mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa.

Karl Marx, Bajamushe, a rubuce-rubucensa na 1844 da babban littafinsa na 1867, wata tambaya ya yi: wa ya raba aikin, kuma kayan na waye? Mai fiƙe tsini tun safe har dare bai mallaki ko fil ɗaya ba, bai ma iya ƙera shi daga farko zuwa ƙarshe ba. Kuma buƙatar junan ba ta zo daidai ba. Mai masana'anta zai iya jiran wata guda, lebura in bai fito yau ba gidansa ba a ɗora tukunya.

Abin da ɗalibai ke tsallakewa shi ne kashi na uku na littafin Durkheim. Can ya yarda akwai rabon aikin da ba ƙa'ida a cikinsa, da kuma na dole, inda haihuwa da dukiyar gado ke zaɓa wa mutum matsayi. Sai dai shi ya ɗauke su cuta mai magani, maganin kuma ƙungiyoyin sana'a, kamar yadda ya faɗaɗa a gabatarwar bugu na biyu a 1902. A wurin Marx kuwa ba cuta ba ce, asalin tsarin jari-hujja ke nan, sai an sauya mallakar masana'antun.

Mu da muka san Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera mun ga fuskokin biyu: tsarin na sasanta 'yan sana'a, amma ya daɗe yana ɗora wa yaro sana'ar ubansa ko yana so ko ba ya so.

A ganina Durkheim ya fi bayyana dalilin da birni cike da baƙin juna ba ya wargajewa. Amma in ka shiga cikin masana'antar, Marx nake bi, domin buƙatar juna ba ta haifar da amana in ɗaya na iya korar ɗaya gobe da safe.