Inshorar shago na takaful: sun biya ni, amma akwai abin da ba su faɗa min ba

Mutane suna ta tambayata wai da gaske masu inshorar takaful suna biya? Eh suna biya, ni sun biya ni, amma ku tsaya ku ji yadda aka yi.

Atamfa da shadda nake sayarwa a Kwari. Tun gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 hankalina bai kwanta ba, amma ina gudun inshora saboda maganar riba, sai wani ejen ya zo da batun takaful, ya ce kuɗin da kake zubawa tabarru'i ne, wato gudummawa ce a asusu ɗaya, wanda asara ta samu a taimaka masa daga ciki, in an samu rara a ƙarshen shekara a raba. Na duba kamfaninsu yana da lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, sai na shiga. Kuɗin shekara da ake biya shi suke kira firimiya, kuma a doka in ba ka biya ba babu kariya, ko da takarda tana hannunka.

To ga inda na yi wa kaina. Ejen ɗin ya tambaye ni kayan shagonka sun kai nawa, na ce ya rubuta miliyan 6 don firimiyar ta yi sauƙi, alhali kayan sun kai miliyan 10, shi kuma bawan Allah bai ce min uffan ba, ya rubuta kawai ya wuce. Da wayar wuta ta yi tartsatsi cikin dare kayan miliyan 3 suka ƙone, sun turo mai ƙiyasin asara, mutumin kirki ne wallahi, ya nemi rasit da littafin ciniki ya ɗauki hotuna, sannan ya zaunar da ni ya ce Alhaji tunda kashi 60 na kayanka ka yi wa inshora, kashi 60 na asarar za a biya. Miliyan 1.8 kenan. Sannan aka cire dubu 100, kason da ni zan fara ɗauka a kowace asara, yana cikin takardar ashe, ni ban karanta ba. Raina ya ɓaci ranar ba kaɗan ba.

Wani abu kuma, takardar gobara zalla ba ta ɗauki ambaliya ba sai an ƙara ta, sata ma daban take. Duk wanda ya ga ruwan da ya shiga Kwari a 2022 ya san wannan ba wasa ba ne.

Wajen biya ba su ja ni ba, suna ɗaga waya. Ejen ɗin ne ya rage musu maki. Tauraro 3 cikin 5 na ba su. Bana dai na sabunta a kan miliyan 10 cif, na ƙara da ambaliya, kuma ɗana ne ya karanta min takardar layi-layi kafin na sa hannu.