Gargaɗi: Hattara da masu tallar rigar da wai ke cajin waya

Jama'a, a yi hattara da tallar da ake yaɗawa a intanet ta riga ko jaka da ake cewa an buga mata batir a jikin yadi kamar zane, wai za ta cika maka waya, ba a yi mata caji, kuma a wanke ta a shanya ba abin da zai same ta. Masu wannan talla sun jingina ƙaryarsu ne da bincike na gaskiya, shi ya sa take shiga kunne.

Binciken yana nan. A 2017 masana a Jami'ar Manchester ta Ingila sun buga ma'ajiyar lantarki a kan yadin auduga da tawadar girafin, wani siririn sinadarin kabon da lantarki ke bi ta cikinsa. A Jami'ar Drexel ta Amurka, inda aka gano sinadarin MXene mai ɗaukar lantarki a 2011, an haɗa wani ƙyalle da wannan sinadari a 2023 da ya ba ƙaramar na'urar auna zafi mai aika saƙo wuta har tsawon minti 96. Aiki ne babba, amma a dubi girman abin da ya ɗauka: 'yar na'ura ce da ba ta cin wuta. Batirin waya kuwa yakan kai mAh (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa) 4,000 zuwa 5,000. Yawancin abin da ake bugawa a yadi sufakafasito ne, wato wani nau'in ma'ajiyar lantarki mai saurin cika da saurin ƙarewa, wanda wutar da yake riƙewa ba ta kai ko kusa da ta batirin litiyom mai nauyi ɗaya da shi ba. Ko ba a taɓa shi ba, wutar tana zurarewa.

Sannan ma'ajiya ba ta haifar da wuta. Abin da aka zuba mata shi take bayarwa. Duk wanda ya ce maka rigarsa ba ta buƙatar caji, ko wai ɗumin jikinka kaɗai zai cika waya, ƙarya yake yi.

Dabarar ba ta da wuya. A bidiyo za ka ga an jona waya da riga, alamar caji ta fito, amma ba za a taɓa juya maka cikin rigar ba. Ƙaramin batir ne na yau da kullum aka ɗinke a ciki. Nan ne abin ya fi tayar mini da hankali, domin batirin litiyom marar suna, manne da fatar mutum, ana lanƙwasa shi, gumi da ruwan wanki suna shigarsa, yana iya kumbura ya kama wuta. Akwai masu saya wa yaransu.

Wasu ma ko rigar ba su da ita. Za su ce a tura kuɗi tukuna don kaya sun kusa ƙarewa, ko a sayi hannun jari a masana'antar da ba wanda ya taɓa gani, a kawo mutane a ci riba.

Kafin ka tura ko sisi, ka tambayi yawan wutar da abin ke riƙewa a rubuce, da yadda ake yi masa caji, da sunan kamfanin da ya ƙera shi, da takardar gwajin lafiyarsa. In aka fara kame-kame ko aka ce sirrin kamfani ne, ka janye, ka kai rahoton shafin, ka kuma sanar da na kusa da kai.